Turin waƙa a waya: wa doka ke nema, mai turi ko mai saurare?

Nura Caji Samaru: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sani nake so su amsa, ba masu raha ba. Kun san sana'ata caji da turi ce a nan Samaru. Ɗazu da hantsi wani yaro ya zo shago, wai shi manajan wani mawaƙi ne, ya ce in goge waƙoƙin maigidansa daga kwamfutata ko in ji sammaci. Har da cewa akwai ɗaurin shekara biyar. Ni dai na san daga nan har Kwangila babu layin da ba mai turi. Da gaske akwai wannan doka ko cika baki ne?

Abdul Kwangila: Cika baki ne Nura, ci gaba da neman halalinka. Ƙasar da ake kwashe biliyoyi a kwana lafiya, sai mai tura waƙar naira hamsin za a ɗaure?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Ni ma ina jiran amsa, don wayata cike take.

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam Malam Nura. Yaron bai yi ƙarya ba, ko da yake bai faɗi magana duka ba. Akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. A tsohuwar, wanda aka kama yana sayar da kwafin bogi tararsa naira 100 ce kan kowane kwafi, mai bugawa kuma ba ta wuce naira 1,000. Shi ya sa ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci, kuɗin motar zuwa kotu ma ya fi tarar. Sabuwar ta juya lissafin. Wanda ya yi kwafi don sayarwa ba da izini ba, tara ba ta gaza naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa. Mai sayarwa ko bayar da haya, tarar ɗaya ce, ɗaurin kuma daga shekara 3. Wanda ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi, tara daga naira miliyan 1 ko shekara 5 ko duka biyu. Ku lura, da can cewa ake "kada ya wuce kaza", yanzu "kada ya gaza kaza". Kuma ta fito ƙarara ta ce kwafin da ke cikin kwamfuta ko waya shi ma kwafi ne, ba sai faifai ko kaset ba.

Nura Caji Samaru: Innalillahi. Barista, waƙoƙin da ke kwamfutata sun fi dubu biyu fa.

Zainab Kongo: To ka buga lissafi, dubu biyu sau dubu goma. Miliyan ashirin ke nan Yaya Nura, ko ka sayar da shagon da janareton ba ka kama hanya ba.

Abdul Kwangila: Ke ɗalibar lauya, kar ki sa wa bawan Allah hawan jini. A faɗa mana mutum ɗaya tak da aka ɗaure a Zariya saboda turi.

Barista Hauwa: Abdul, ba a Zariya ma za a yi shari'ar ba. Irin wannan ƙara hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, sai an je Kaduna. Kuma gaskiyarka ta wani gefen, jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa sun fi kai samame inda ake buga littattafai da faya-fayan bogi da yawa, irin su kasuwar Alaba a Legas. Amma rashin kamawa daban, rashin doka daban. Ranar da wani mai hali ya ƙullace ka, takardar na nan tana jiransa ya ɗauka. Abin da nake so Malam Nura ya riƙe shi ne: shi wannan manajan ba shi da ikon taɓa kwamfutarka ko karɓar ko sisi a hannunka da sunan tara. Kotu ce ke ba da umarnin a shiga a bincika a kwashe kaya, ko kuma jami'an hukumar su zo da kansu. In ya dawo yana neman "a sasanta", ka nemi ya nuna shaidar cewa shi wakilin mai waƙar ne.

Maman Ihsan: Barista ni fa? Ƙanwata ke turo min ta Xender, wasu kuma a WhatsApp nake samu. Ina saurare ina wanke-wanke, shi ke nan.

Barista Hauwa: Hajiya kwantar da hankalinki. Sashen laifuffukan ya fi karkata kan ciniki: yi don sayarwa, sayarwa, haya, rarrabawa don kasuwanci. Ko inda aka yi maganar a sami mutum da kwafin bogi a hannunsa, an cire wanda ya ajiye don amfanin kansa a gida. Ba wai na ce miki halal ne ki buɗe zaure a Telegram ki zuba kundin mutum gaba ɗaya ba, can mai waƙa na iya maka ki ya nemi diyya ko da ba ki karɓi kuɗi ba. Amma saurare a kicin, ba wanda zai zo.

Sani Fasaha: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni mawaƙi ne, ƙarami dai, a Tudun Wada nake. Bari in gaya muku yadda waƙa ɗaya ke fita. Ka biya mai kiɗa, ka biya sitidiyo, in babu wuta kai ne za ka sayi man janareto, ka biya 'yar amshi, ka ba ta na mota. Wani baitin sai ka maimaita shi har muryarka ta dushe, mai sitidiyo na ta cewa "sake, ka fita daga kiɗa". Ka gama, ka fito da ita da yamma, washegari ka shiga Keke ka ji ta tana tashi a wayar direba. Wallahi daɗi kake ji da farko. Sai ka sauka ka laluba aljihu ka ga kuɗin Keken ma da ƙyar. Kowa ya ci da waƙar: mai turi ya ci, mai sayar da memori ya ci, kamfanin data ya ci. Mai waƙa ne kaɗai aka ce ya yi haƙuri, ai suna yake samu.

Abdul Kwangila: Sani, da girmamawa, amma in na saci akuyarka, ka wayi gari ba akuya. In na kwafi waƙarka, taka na nan a hannunka ba abin da ya ragu. Ina satar take?

Malam Lawal Ƙofar Doka: Abdul, wannan hujjar an daɗe da kawo ta, malamai kuma sun duba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi masa ta'adi. Abin da ya ragu ba waƙar ba ce, cinikin da zai yi ne. Kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Akwai malaman da suka saɓa, musamman kan littattafan ilimi, suna ganin ba a killace ilimi. Amma ko su, ban ji wanda ya ce ka ɗauki wahalar wani ka buɗe shago da ita ba.

Abdul Kwangila: Allah gafarta Malam, ita waƙar da kiɗa ma ai wasu cewa suke haramun ce. Haramun tana da haƙƙin mallaka?

Malam Lawal Ƙofar Doka: Wannan wata muhawarar ce, kada ka ja mu can. In kana ganin haramun ce, to sayar da ita ya fi sauraronta muni, ka ga ba ka fita ba.

Zainab Kongo: Malam ya rufe ƙofa ya jefa makulli a rijiya.

Nura Caji Samaru: Ni ba na jayayya da Malam. Amma Sani, ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Ba ku ne kuke kawo mana da kanku ba? Mawaƙa nawa suka zo shagona da filashi suna roƙo, "Nura don Allah duk wanda ya zo turi ka saka masa tawa a ciki, ko bai tambaya ba"? Wani har kati yake saya min. Lokacin zaɓe kuwa ba a magana, waƙar ɗan takara kyauta muke zuba wa kowa don an riga an biya mawaƙin, so yake ta cika gari. Yau ka yi suna, gobe ka turo manaja da maganar kotu. Wa ya kai ka inda kake?

Sani Fasaha: Ban musa ba, ni ma na kai. Amma wadda na kai da hannuna daban, wadda aka ɗauka ba a tambaye ni ba daban.

Barista Hauwa: Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa, don ku biyun duka kuna kan doka ba ku sani ba. Izini iri biyu ne. In mawaƙi zai sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya, ko ya ba mutum ɗaya shi kaɗai ikon rarrabawa, dole sai a rubuce. Amma izinin "kai ma ka tura, wani ma ya tura", wannan ko da baki aka yi ya zauna, kai ko daga halayyar mutum ana iya fahimtarsa. Wanda ya kawo maka filashi ya ce ka yaɗa, ya ba ka izini ke nan kan wannan waƙar. Matsalar ita ce ranar da ya musa, me za ka nuna? Don haka Malam Nura, duk wanda ya kawo, ka ce ya turo maka saƙo ko da layi biyu ne a WhatsApp: ni wane na yarda Nura ya tura waƙata kaza. Ka adana. Wanda kuma ya aiko ya ce a cire tasa, ka cire, don daga ranar ba ka da bakin cewa ba ka sani ba. Dokar ta bar wa wanda ake tuhuma ƙofar ya gamsar da kotu cewa bai sani ba kuma ba shi da dalilin zargin kwafin na bogi ne. Manajan nan da ya zo yau ya toshe maka wannan ƙofar kan waƙoƙin maigidansa.

Baba Iro Sabon Gari: Ku yaran nan kuna magana kamar yau aka fara. Ni kaset na sayar a kasuwar Sabon Gari tun kafin a haifi yawancinku. Rikoda mai baki biyu gare ni, ka sa na asali a hagu, fanko a dama, ka danna, ka jira ya juye fuska ɗaya ka juya. In zaren ya tsinke mu liƙa da jan farce, mu naɗe da biro. Daga Kano muke saro na asali guda, sauran mu cika da kanmu. Makaɗan da kuwa ba su taɓa zuwa sun ce mun ci haƙƙinsu ba, don su ba a kaset suke ci ba. A fada suke ci, a gidan biki, a wurin masu kuɗi: riga, doki, mota, kujerar Makka. Kaset talla ce kawai. Abin ya canza ne da 'yan fim suka zo, su kuɗinsu a cikin kaset ɗin yake, in ka kwafa ka yanka su. Mu kuma CD ya kashe mu, memori ya kashe masu CD. Nura, kai ma data na nan tafe da kai, ba kotu ba.

Nura Caji Samaru: Baba ai ta riga ta iso. Ɗaliban jami'a ba sa zuwa turi yanzu, Audiomack da YouTube suke shiga. Masu zuwa sai 'yan ƙauye ranar kasuwa da masu ƙaramar waya.

Zainab Kongo: Baba, tambaya. Waƙoƙin da irin na su Shata fa, yanzu na kowa ne ko?

Baba Iro Sabon Gari: 'Yata ni dai na san kowa na sa su.

Barista Hauwa: Ba na kowa ba ne tukuna. Haƙƙin waƙa, wato baitoci da karin, yana nan tsawon ran mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ki ƙirga, sai ƙarshen 2069. Magada ne ke da shi. Shi kuma ɗaukar sautin kansa, wato abin da aka naɗa a faifai, nasa shekara 50 ne. Masu zuba tsofaffin waƙoƙi a YouTube suna karɓar kuɗin talla, da yawansu ba su taɓa sallama da iyalan ba.

Dakta Bello: Na shigo a makare. Abdul ya ce a nuna masa wanda aka hukunta, to bari in kai shi waje, don can an gwada abin da yake ganin ba zai yiwu ba. A Amurka, bayan an durƙusar da Napster, manhajar da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta a intanet, a 2001, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta koma kan ɗaiɗaikun mutane daga 2003, ta bi dubbai, yawancinsu suka biya 'yan dubban daloli aka rufe magana. Wata mata a jihar Minnesota ta ƙi, ta je kotu kan waƙa 24. A 2007 aka ce ta biya dala 222,000. Aka sake shari'a a 2009, kuɗin ya haura zuwa dala miliyan 1.92, aka yi ta hawa da sauka har kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 222,000 a 2012. Waƙa ɗaya dala 9,250 ke nan. Wani ɗalibi kuma a Boston, waƙa 30, dala 675,000. Dokarsu ta ba da damar a yanka daga dala 750 har 150,000 kan kowace waƙa in da gangan ne, ba sai kamfani ya nuna asarar da ya yi ba. A Suwidin an yanke wa mutum huɗu na Pirate Bay, shafin da ake sauke kwafin bogi ta cikinsa, ɗaurin shekara guda-guda a 2009. Japan kuwa tun 2012 saukewa kawai na iya kai mutum shekara 2 a gidan yari.

Abdul Kwangila: To Dakta, da aka yi duk wannan, an daina?

Dakta Bello: Ba a daina ba, kuma nan ne nake tare da kai rabi. A ƙarshen 2008 su da kansu suka bar kai ɗaiɗaikun mutane ƙara, don baƙin jinin da suka jawo ya fi abin da suka karɓa. A ganina abin da ya rage satar shi ne zuwan manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify, inda biya ya fi sata sauƙi. Ba tsoro ne ya gyara mutane ba, sauƙi ne. Mu nan an tsaurara hukunci, amma a nuna min inda Nura zai je gobe da safe ya ce ga kuɗina, a ba ni lasisin tura waƙoƙin Hausa, kuma kuɗin ya isa hannun Sani. Akwai ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa, MCSN da COSON, sun shafe shekaru ana ta rigimar wa ke da izini, kuma harkarsu ta fi ƙarfi a Legas. Mawaƙin Tudun Wada bai san ƙofarsu ba.

Malam Lawal Ƙofar Doka: Dakta, rashin wurin biya ba ya mayar da kayan wani naka. Sani na nan, lambarsa na nan, ba Legas yake ba.

Dakta Bello: Haka ne Malam, amma mawaƙa ɗari nawa ne a kwamfutar Nura? Ba zai bi su gida-gida ba. Sai dai masu turi su haɗa kai su yi ƙungiya, mawaƙa su yi tasu, a yanka wani abu duk wata. 'Yan fim a Kano sun bi ta irin wannan hanyar da masu turinsu, ana saye a hannun mai fim kafin a tura.

Abdul Kwangila: Ƙungiya a ƙasar nan? Shugaba da ma'aji ne za su yi gida.

Maman Ihsan: Ni wata tambayar ta taso min. Bikin 'yata na tafe, mun kama DJ. Shi ma laifi yake yi?

Barista Hauwa: A ƙa'ida, kunna waƙar mutum a bainar jama'a don neman kuɗi na buƙatar izini, kuma nauyin na kan DJ da mai ɗakin taro, ba kan uwar amarya ba. Otal-otal da gidajen rediyo su aka fi bi kan wannan. Ki yi bikinki Hajiya, Allah Ya sa albarka.

Maman Ihsan: Amin, na gode. Duk kuna gayyace.

Sani Fasaha: Ni fa in za a bi ta tawa, ba Nura ne damuwata ba, kar a bar jaki a doki taiki. Nura naira nawa yake samu? Akwai wani mai tasha a YouTube, ban san shi ba, bai san ni ba, ya kwashe waƙoƙina ya liƙa hotonsa da sunan tasharsa, har da muryar wani yaro a farko yana kiran sunan tashar. Masu kallo sun ninka na tawa tashar nesa ba kusa ba. Na yi masa magana ya toshe ni. Da na matsa ta wata lambar sai ya ce wai a hannun furodusa ya saya.

Zainab Kongo: Wannan ai shi ne na miliyan 1 ɗin da Anti Barista ta faɗa. Kuma ba sai ka je kotu ba ma, YouTube na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, in ƙorafi uku suka tabbata a kan tasha rufe ta ake yi. Sabuwar dokarmu ma ta ce in ka rubuta wa masu shafi dole su sauke.

Barista Hauwa: Zainab, a hankali, kar ya cika fom tukuna. Maganar furodusan nan ita ce abin dubawa, don ƙorafin ƙarya shi ma yana da nasa hukuncin. Sani, waƙa ɗaya haƙƙi biyu ke cikinta. Baitoci da kari naka ne tun ranar da ka rubuta ko ka naɗa, ba sai ka yi rajista ba. Amma sautin da aka ɗauka, doka na kallon wanda ya shirya ɗaukar ya ɗauki nauyinta. Wa ya biya sitidiyo? Kuma akwai takarda tsakaninku?

Sani Fasaha: Guda uku na fim ne, furodusa ya biya komai ya sallame ni. Sauran ni na biya da kuɗina. Takarda kuwa babu, da baki muka yi, a harkar nan wa ke rubutu?

Barista Hauwa: To raba su. Na fim ɗin nan uku ajiye su gefe, akwai ja a kansu, mai yiwuwa furodusan na da abin cewa. Waɗanda ka biya da kanka kuwa ba shi da abin sayarwa a ciki, wanda ya saya a hannunsa ya sayi iska. Ka je wurin mai sitidiyo ya fitar maka da ainihin fayilolin aikin masu kwanan wata, ka nemo shaidar tura kuɗin da ka yi masa, ka ɗauki hoton kowace waƙa a tashar mutumin tare da adireshinta kafin ya farga ya goge. In sun haɗu ka turo min ta akwatin saƙona, ni zan rubuta takardar.

Sani Fasaha: Mai sitidiyon ya koma Kaduna amma ina da lambarsa. Kuɗin aikin fa Barista?

Barista Hauwa: Kawo takardun tukuna, ba a nan za mu yi ciniki ba.